SU WANE NE KE AIKI A SANSANIN WAƊANDA AMBALIYA TA RABA DA GIDAJENSU?

Darasinmu na wannan mako ya shafi damina. Idan ruwa ya cinye unguwa, mutane sukan bar gidajensu su taru a wuri guda, kuma sau da yawa makaranta ce wurin. Wannan taro shi ake kira sansani. Tambayarmu ita ce: wa ke kula da mutanen da ke ciki, mene ne aikin kowa, kuma me ake so mutum ya sani kafin a ba shi aikin?

Me ya sa muka zaɓi wannan darasi?

A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga birnin Maiduguri cikin dare. Ya shiga gidaje da kasuwa da asibiti da fadar Shehun Borno, har da gidan namun daji. Dubban ɗaruruwan mutane ne suka rasa wurin kwana. Sai da aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a baya, wasu kuma suka fake a makarantu. A watan Oktoba na shekarar, gwamnatin jihar ta sanar da ɓarkewar cutar kwalara. Kafin wannan, ambaliyar 2012 ta raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu a Najeriya, ta 2022 kuma ta kashe fiye da mutum 600. A watan Mayu na 2025 ruwa ya afka wa garin Mokwa na Jihar Neja.

Wannan ya nuna mana cewa bayan an ceto mutum daga ruwa, akwai sauran aiki. Yana buƙatar ruwan sha da abinci da banɗaki da magani da wurin kwanciya. In babu waɗanda suka san yadda ake tsara waɗannan, sai cuta ta kashe wanda ruwa bai kashe ba. Haka ta faru a garin Goma na ƙasar Kwango a 1994, inda kwalara da atini suka kashe dubun-dubatar 'yan gudun hijirar Ruwanda cikin makonni kaɗan. Bayan wannan ne, a 1997, ƙungiyoyin agaji na duniya suka fara haɗa littafin ƙa'idoji mai suna Sphere. Daga cikinsa yawancin alƙaluman da za ku gani a ƙasa suka fito.

A ƙasarmu, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999, ita ce ke jagorantar aikin a matakin tarayya. Jihohi suna da tasu hukumar da ake kira SEMA. Akwai ƙungiyar Red Cross, akwai 'yan kwana-kwana, akwai kuma 'yan agajin ƙungiyoyin addini da muke gani da kaki a masallacin Idi. Ga ayyukan ɗaya bayan ɗaya.

1. Shugaban sansani

Shi ne uban gida. Shi ke raba aiki, ya san yawan mutanen da suka kwana, ya san abin da ya ƙare a sito, ya kuma sanar da hukuma. Kowace safiya yakan zauna da shugabannin ɓangarori su faɗi abin da ya faru jiya da abin da za a yi yau. Yakan kafa kwamitin mazauna sansani, wanda ya ƙunshi maza da mata da matasa, don su riƙa kawo koke.

Abin da ake so a wurinsa: ya taɓa aiki a sansani a ƙarƙashin wani kafin ya zama shugaba, ya samu horo kan tafiyar da sansani, ya iya rubuta rahoto, ya iya sauraro. Ya zama mai iya yanke hukunci cikin sauri, wanda ba ya fifita ɗan unguwarsu.

2. Masu rajista

Su ne na farko da mutum zai tarar a bakin ƙofa. Suna rubuta sunan maigida ko uwargida, yawan iyali, shekarun kowa, da unguwar da suka fito. Suna yin alama ta daban ga mai ciki, mai shayarwa, tsoho, mai naƙasa, da yaron da ya zo shi kaɗai. Sannan su ba kowane gida kati. Da wannan kati ake karɓar abinci da tabarma da gidan sauro.

Kada ku raina wannan aiki. Idan mai rajista ya tsallake gida ɗaya, wannan gida zai kwana da yunwa. Idan ya rubuta gida ɗaya sau biyu, ya rage rabon wasu.

Abin da ake so: rubutu mai kyau, lissafi, iya aiki da waya ko kwamfuta, da jin harshen mutanen. A Maiduguri, misali, wanda ke jin Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa ya fi amfani a teburin rajista. Sannan riƙe sirri. Ba a ɗaukar hoton takardar rajista a tura wa wani.

3. Masu kula da ruwa

Ƙa'ida ta ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 na ruwa a rana, don sha da girki da wanka. Kada wurin ɗiban ruwa ya wuce nisan mita 500 daga inda mutum ke kwana, kada kuma layi ya wuce minti 30. Famfo ɗaya na mutum 250 ne.

Bayan ambaliya rijiyoyi sukan gurɓace, domin ruwa yakan kwaso ƙazantar masai ya zuba a ciki. Ruwan yana iya zama garai-garai a ido alhali da ƙwayar cuta a cikinsa. Shi ya sa ake zuba sinadarin kulorin, a jira minti 30 kafin a sha. Idan kulorin ya yi kaɗan ba zai kashe ƙwayar cuta ba. Idan ya yi yawa, mutane za su ji wari su ƙi sha, su koma ga ruwan kududdufi.

Abin da ake so: horo kan auna kulorin da gwada ruwa da ɗan abin gwaji, da sanin gyaran famfo da tanki. Babbansu yakan zama injiniyan ruwa ko ma'aikacin lafiyar muhalli.

4. Duba-gari da masu tsafta

Kakanninmu sun san duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa da masai. A sansani aikinsa ya fi na ko'ina nauyi. Banɗaki ɗaya na mutum 20 ne. Kada ya wuce mita 50 daga wurin kwana, don kada tsoro ya hana yara da mata zuwa da dare. Ramin masai kuma ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. Na maza daban, na mata daban, da ƙofa mai sakata, da fitila, da ruwa da sabulu a bakin ƙofa.

Duba-gari ne ke nuna inda za a haƙa rami, inda za a zuba shara, da yadda za a cike kwatami don kada sauro ya hayayyafa. A ƙarƙashinsa akwai masu wayar da kai, waɗanda ke bi tanti-tanti suna koya wa mutane wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga banɗaki da kuma kafin cin abinci.

Abin da ake so: takardar shaidar karatun lafiyar muhalli daga kwalejin fasahar kiwon lafiya, da rajista da hukumar da ke kula da sana'ar. Masu wanke banɗaki ba sa buƙatar wannan takarda, amma dole a ba su safar hannu da takalmin roba, a kuma koya musu yadda ake haɗa ruwan kulorin na wanki.

5. Mai kula da sito da masu rabo

Duk buhun da ya shigo sai an rubuta shi, duk wanda ya fita sai an sa hannu. Ba a ajiye buhu a ƙasa kai tsaye, ana ɗora shi a kan katako, a kuma ja shi daga jikin bango saboda danshi da ɓera. Abin da lokacin lalacewarsa ya fi kusa shi ake fara fitarwa. Ba a ajiye fetur ko maganin ƙwari kusa da abinci.

A ranar rabo, masu rabo suna tsara layi, su sa tsofaffi da masu ciki da masu naƙasa a gaba. Ana faɗa wa kowa tun farko abin da zai samu, ko mudu nawa ne, don kada a tauye shi bai sani ba. Jefa kaya daga kan mota ba rabo ba ne, domin mai ƙarfi ne kaɗai zai samu, kuma ana iya tattake yara.

Abin da ake so: lissafi, iya riƙe littafin shige da fice, da amana. A nan ne aka fi gwada mutum, domin yana zaune da buhunan shinkafa a lokacin da wataƙila gidansu ma babu.

6. Masu girki

A kwanakin farko mutane ba su da tukunya ko murhu, don haka dafaffen abinci ake ba su. Ana lissafa abincin da zai ba mutum kalori 2,100 a rana, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ba a barin dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba. Wuƙar yanka ɗanyen nama daban, ta yanka abin da za a ci haka nan daban. Duk wanda ke gudawa ko amai ba ya shiga madafa sai ya warke.

Abin da ake so: sanin girkin taro, kamar yadda iyayenmu mata masu girkin biki suka sani, tare da horo kan tsaftar abinci. Mai girki guda marar lafiya yana iya kwantar da sansani duka.

7. Ma'aikatan lafiya

A nan akwai likita, ma'aikatan jinya, ungozoma, da ma'aikatan lafiyar al'umma. Suna tantance marasa lafiya, su fara duba wanda ya fi jin jiki ko da shi ne ya zo a ƙarshe. Suna ƙirga masu gudawa kowace rana, domin in adadin ya tashi kwatsam, alama ce ta kwalara. Suna ware mai kwalara a wuri na daban, su ba shi ruwan gishiri da sukari. Idan babu na leda, ana haɗa shi da lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Suna yi wa yara rigakafin ƙyanda daga wata 6 zuwa shekara 15, domin ƙyanda tana saurin yaɗuwa a cunkoso. Ku lura, yawancinmu 'yan ƙaramar sakandare muna cikin wannan rukuni. Suna kuma auna damtsen yara 'yan ƙasa da shekara 5 da wani ɗan tef mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana da tamowa mai tsanani. Ungozoma kuwa dole ce, don haihuwa ba ta jiran ruwa ya janye.

Abin da ake so: wannan ɓangare ba a shigarsa da niyya mai kyau kawai. Sai da takardar kammala karatu da lasisin aiki mai rai. Wanda ya yi kwas ɗin taimakon farko zai iya wanke ciwo ya ɗaure, amma ba ya yin allura, ba ya rubuta magani.

8. Masu kare yara da mata

A cikin gudu, yara sukan rabu da iyayensu. Masu wannan aiki suna rubuta sunan yaron da kamanninsa da kayan da ke jikinsa da inda aka tsince shi, sannan su nemi danginsa. Ba sa miƙa yaro ga duk wanda ya ce nasa ne, sai sun tabbatar. Ƙungiyar Red Cross ta daɗe tana wannan aiki na haɗa iyali. Suna kuma ware wurin da yara za su yi wasa da karatu, suna raba wa mata da 'yan mata audugar mata a keɓe, suna zama da wanda ya rasa ɗan uwansa su saurare shi.

Abin da ake so: karatun aikin jin daɗin jama'a ko koyarwa, horo kan kare yara, haƙuri, da shaidar kyawun hali daga waɗanda suka san mutum. Dole a samu mata da yawa a wannan ɓangare, domin akwai maganar da yarinya ba za ta iya faɗa wa namiji ba.

9. Masu tsaro

'Yan sanda da jami'an sibil difens da 'yan sintiri suna gadin ƙofa da sito, suna zagayawa da dare. Suna lura da wuta, domin tantuna a matse suke kuma ana girki a kusa. Ana so su san amfani da tukunyar kashe gobara, su kuma iya raba faɗa ba tare da duka ba. Mazauna sansani ba fursunoni ba ne.

Mu gwada da lissafi

A ce mutum 600 aka kawo makaranta irin tamu.

Ruwa: 600 sau 15, lita 9,000 ke nan a rana. In jarka tana cin lita 25, jarka 360 ake buƙata kullum.

Banɗaki: 600 a raba da 20, banɗaki 30 ke nan. Ku je ku ƙirga namu ku gani.

Wurin kwana: kowane mutum yana buƙatar murabba'in mita 3.5 a ƙarƙashin rufi. Ajin da ke da tsawon mita 8 da faɗin mita 7 yana da murabba'in mita 56. In aka raba da 3.5, mutum 16 zai ɗauka. Mutum 600 suna buƙatar aji 38.

Wannan lissafi ne ke gaya wa shugaban sansani tankar ruwa nawa zai nema da rami nawa za a haƙa. Wanda ke gudun ajin lissafi ya ga inda lissafi ke ceton rai.

Dokokin da suka hau kan kowa

Daga shugaba har mai shara, akwai abubuwan da aka haɗa su a kai.

Na ɗaya, agaji kyauta ne. Ba a karɓar kuɗi ko wani abu a madadinsa. Duk ma'aikacin da ya ce wa yarinya ko matar aure sai ta biya masa wata buƙata kafin ya ba ta kati ko abinci, ya aikata babban laifi, kuma wajibi ne a kai ƙararsa. Shi ya sa ake ajiye akwatin koke da kuma mace mai karɓar ƙorafi.

Na biyu, ba a tambayar addini ko ƙabila ko jam'iyya kafin a taimaki mutum. Buƙata ake dubawa. Wannan yana cikin ƙa'idoji 7 da Red Cross ta amince da su a birnin Biyana a 1965.

Na uku, ba a ɗaukar hoton mutum yana kuka ko yana karɓar abinci a sa a Facebook ba da izininsa ba. Jiya yana da gidansa kamar kowa.

Na huɗu, kowa ya tsaya a kan aikin da ya iya, ya san wanda zai kai wa rahoto. Ma'aikaci kuma ya riƙa hutawa ana canjinsa, domin wanda ya kwana biyu bai yi barci ba zai iya kuskuren auna magani.

To mu ɗalibai fa?

Mu yara ne, ba za a ba mu sito ko ɗakin magani ba, kuma bai kamata mu shiga ruwa da sunan ceto ba. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya kayar da babba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai abin da za mu fara tun yanzu:

Mu shiga ƙungiyar Red Cross ko sikawut ko 'yan agaji mu koyi taimakon farko.

Mu koya wa ƙannenmu cikakken sunansu da sunan mahaifinsu da unguwarsu da lambar wayar wani babba a gida.

Mu tuna wa iyayenmu su sa takardun haihuwa da katin rigakafi da sakamakon jarrabawa a leda mai kauri, a ajiye a sama.

Mu haddace lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112.

Mu daina zuba shara a magudanar ruwa, mu riƙa sauraron gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta NiMet a rediyo.

Ga masu tunanin abin da za su zama nan gaba, kun ga cewa aikin agaji yana buƙatar injiniya da ungozoma da duba-gari da akanta da malami da direba. Hanyar duk waɗannan ta bi ta ajin da muke zaune a ciki. Muna kuma roƙon hukumar makaranta, in da hali, ta gayyato masu horar da taimakon farko su zo mana ko sau ɗaya a zango.

Tambayoyin mako

1. Idan mutum 1,000 ne a sansani, lita nawa na ruwa ake buƙata a rana, kuma banɗaki nawa?
2. Me ya sa ba a haƙa masai kusa da rijiya? Mita nawa ake bari a tsakani?
3. Kawo abubuwa uku da mai rajista ke rubutawa.
4. Wane aiki ne daga cikin tara ɗin nan ba a yinsa sai da lasisi?
5. Auna tsawo da faɗin ajinku. Mutum nawa zai ɗauka bisa ƙa'ida?

A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ambaliya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya ba mu damina mai albarka.